Filin Amsa Tambayoyinku: Shin Makin Da Ake Ba Fina-Finai A Intanet Abin Dogaro Ne?

Wasiƙun da suka iso mana a wannan karon sun fi karkata ga makin da shafukan intanet ke ba fina-finai, don haka muka zaɓi guda huɗu daga cikinsu muka haɗa su wuri ɗaya, domin amsar wata tana ƙara haske ga wata.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'abocin kallon fina-finan ƙasashen waje ne, kuma kafin in kashe data in sauke fim nakan duba makinsa a IMDb. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, sau da yawa fim mai maki 8 ko fiye sai in kalle shi har ƙarshe ban ga abin da aka yaba ba, wani kuwa da aka ba maki 5 sai ya zauna mini a rai har in maimaita shi. Shin makin ne na ƙarya, ko kuwa ni ne ban iya kallon fim ba? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, ka kwantar da hankalinka, ka iya kallon fim sarai. Abin da ya faru shi ne an tattara ra'ayin wasu mutane aka mayar da shi lamba, kai kuma ka ɗauka fim ɗin kansa aka ɗora a sikeli aka auna. Duk makin da ka gani a intanet, abin da ya kamata ka fara tambaya shi ne su wane ne suka bayar da shi, kuma ta wace hanya aka lissafa.

IMDb ya faro ne a shekarar 1990 a hannun wani Baturen Ingila mai suna Col Needham, wanda ke tara sunayen fina-finai da jarumansu don sha'awa, kafin kamfanin Amazon ya saye shi a 1998. Duk wanda ya buɗe asusu a shafin yana iya ba fim maki daga 1 zuwa 10, kuma babu mai neman hujjar cewa ya kalli fim ɗin. Lambar da ake nuna maka ma ba a samo ta ta hanyar tara makin kowa a raba da yawan masu bayarwa ba, domin shafin yana ba wasu ƙuri'u nauyi fiye da wasu, kuma ya ƙi bayyana yadda yake yin wannan lissafin, bisa dalilin cewa idan aka sani za a yi masa maguɗi. To, wa ke da halin zama ya yi rajista ya danna maki? Galibi mai jin Turanci ne, wanda intanet ba ta yi masa tsada ba, wanda kuma fim ya dame shi har yake jin sai ya faɗi ra'ayinsa. Ƙari a kan haka, mutum ba ya ba da maki sai ga abin da ya zaɓa da kansa ya kalla. Kashi na uku na wani fim, waɗanda suka so na ɗaya da na biyu ne ke zuwa kallonsa, haka kuma fim mai dogon zango, wanda ya gaji da shi tun a fitowa ta biyu ya riga ya kama gabansa, masoyansa na haƙiƙa ne suka rage suna zuba masa 9 da 10. Wannan kaɗai ya isa ya sa lambar ta yi sama ba tare da kowa ya yi ƙarya ba.

Shafin Rotten Tomatoes, wanda aka kafa a 1998, shi ne ya fi rikita mutane, saboda yana rubuta makinsa da kashi cikin ɗari. Idan ka ga kashi 95 a jikin fim, ma'anarsa ita ce a cikin kowane masu sharhi 100 da aka lissafa, 95 sun ce fim ɗin ba laifi ko fiye da haka. Bai gaya maka iyakar son da suka yi masa ba. Kamar makaranta ce ta yi shelar cewa kashi 95 na ɗalibanta sun ci jarrabawa, alhali ba ta faɗa ko da maki 45 suka haye ko da 90 ba. Saboda haka fim mai lami, wanda bai ɓata wa kowa rai ba kuma bai girgiza kowa ba, yana iya samun kashi 95, shi kuwa fim mai ƙarfi da ya raba kan masu sharhi, rabi suka ce ba a taɓa yin irinsa ba rabi suka tsane shi, sai ya tsaya a kashi 50, ƙasa da kashi 60 ɗin da shafin ya gindaya kafin ya kira fim mai kyau. Shafin Metacritic ya fi shi kusa da abin da kake nema, domin shi yana mayar da kowane sharhi maki daga 0 zuwa 100 sannan ya fitar da matsakaici, ko da yake shi ma yana fifita wasu masu sharhi a kan wasu. Su kansu masu sharhin ba daga kowane lungu na duniya suka fito ba. Wani bincike da Jami'ar Kudancin Kalifoniya ta fitar a 2018, a kan sharhin da aka yi wa fina-finai 100 da suka fi ciniki a Amurka a 2017, ya gano cewa kusan kashi 78 cikin 100 na sharhin maza ne suka rubuta, kashi 82 kuma fararen fata ne.

A nan ne maganar abin da rai ke so ta shigo, kuma ita ce ta fi muhimmanci a tambayarka. Bahaushe ya shafe shekaru aru-aru da tatsuniya da waƙa, sannan ya yi shekaru gommai yana cika gidajen silima irin su Plaza da Orion da Marhaba a Kano don kallon fina-finan Indiya, kuma abin da ya riƙe shi a can sananne ne: labarin uwa da ɗanta, auren da iyaye suka ƙulla ba da son yara ba, talaka da ya nemi 'yar mai kuɗi, soyayyar da kunya ta lulluɓe, da waƙa. Mai sharhi a Landan ko Niyok yakan ɗauki waƙa a tsakiyar fim a matsayin abin da ke katse labari, ya rage maki saboda ita da kuma tsawon awa uku, alhali a wurinmu sau da yawa waƙar ce ke sayar da fim, mutane sun haddace ta tun kafin ya fito. Haka nan fim ɗin da ya nuna yaro yana ɗaga wa mahaifinsa murya, aka kuma shirya labarin yadda mai kallo zai tafa masa a matsayin wanda ya ƙwaci 'yancinsa, yana iya burge dubban masu jefa ƙuri'a a wata ƙasa, kai kuwa daga wannan wurin ka fita daga fim ɗin ko da idonka na kan allo. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Idan kuma fassarar Hausa ka kalla, sai ka tuna cewa masu fassara sukan ƙara barkwanci da karin magana na kansu, wani lokaci su gyara fim mara daɗi wani lokaci su ɓata mai kyau, makin kuwa na asalin fim ɗin ne.

Kada ka zaci kai kaɗai ne abin da ka so ya saɓa da abin da aka yaba. Kamfanin Netflix, mai nuna fina-finai ta intanet, ya yi shekaru yana amfani da taurari biyar, amma a 2017 ya watsar da su ya koma alamar babban yatsa sama ko ƙasa, kuma daga cikin dalilan da jami'ansa suka bayar akwai cewa mutane sukan ba fina-finan ilimantarwa taurari biyar su ba na barkwanci uku, sannan idan dare ya yi na barkwancin suke kunnawa su maimaita. Wato mutum yakan ba da maki ne gwargwadon yadda yake so a gan shi.

Shawarata ita ce ka riƙa amfani da makin wajen kauce wa fim ɗin da ya lalace ƙwarai, domin wanda mutane masu yawa suka taru suka ba 3 ba tare da wata rigima a bayansa ba, da wuya ya zama abin kirki. Tsakanin 6 da 8 kuwa kada ka bari lamba ta yanke maka hukunci. Ka buɗe sharhin waɗanda suka ba shi maki na tsakiya ka karanta dalilansu, za ka tarar wani lokaci abin da suka kushe shi a kai, kamar yawan waƙa ko yawan maganar iyali, shi ne ainihin abin da kake nema.

Tambaya: Na ji ana cewa mutane kan haɗa baki su karya makin fim ko su ɗaga shi, har ma ana sayen masu sharhi da kuɗi. Ni masoyiyar fina-finan Indiya ce, ina so in san ko gaskiya ne. Daga wata mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Gaskiya ne, 'yar'uwa, kuma fina-finan Indiya suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. A 2014 fim ɗin Gunday ya faɗo can ƙasan jerin IMDb da maki ƙasa da 2, saboda gabatarwarsa ta nuna kamar yaƙin Indiya da Pakistan na 1971 ne ya haifi Bangaladash, su kuwa 'yan Bangaladash suka ga an shafe gwagwarmayar neman 'yancinsu da jinin da suka zubar, sai suka yi gangami a intanet suka yi ta zuba masa maki 1, har kamfanin da ya shirya shi ya nemi afuwa. Fushinsu yana da dalili, amma wanda ya ga lambar bai san labarin ba zai ɗauka jaruman ne ba su iya wasa ba. A 2020 kuma, bayan rasuwar jarumi Sushant Singh Rajput a watan Yuni, muhawara ta ɓarke a kan yadda 'ya'yan manya ke mamaye masana'antar fim ta Mumbai, sai fushin ya sauka a kan fim ɗin Sadak 2, wanda Mahesh Bhatt ya ba da umarni 'yarsa Alia Bhatt ta fito a ciki. Tallarsa ta shiga sahun bidiyon da aka fi danna wa alamar ƙi a tarihin YouTube tun fim ɗin bai fito ba, makinsa a IMDb kuma ya tsaya kusa da 1. Da ya fito masu sharhi ma ba su yabe shi ba, sai dai an riga an yanke hukuncin kafin a ga shaida.

Misalin da ya fi kowanne fitowa fili shi ne na The Promise, fim a kan kisan da aka yi wa Armeniyawa a ƙarshen zamanin daular Usmaniyya ta Turkiyya, batun da har gobe ake taƙaddama a kansa tsakanin Turkawa da Armeniyawa. An haska shi sau uku kacal a bikin fina-finai na Toronto a 2016, amma cikin 'yan makonni sai ga ƙuri'u sama da 50,000 na maki 1 da kusan 30,000 na maki 10 a IMDb. Ko da kujerun ɗakunan kallon sun cika maƙil a kowane haskawa, ba za su ɗauki fiye da kashi kaɗan na wannan adadi ba, ke nan ɓangarorin biyu duka sun jefa ƙuri'a a kan abin da ba su gani ba. Irin wannan ne ya sa Rotten Tomatoes a 2019, bayan taron dangin da aka yi wa fim ɗin Captain Marvel tun kafin fitowarsa, ya hana rubuta ra'ayi a kan fim ɗin da bai fito ba, sannan ya ware makin waɗanda aka tabbatar sun sayi tikiti. IMDb kuma yakan liƙa sanarwa a jikin wasu fina-finai cewa ya lura da jefa ƙuri'a ba bisa al'ada ba, don haka ya canza yadda yake lissafi.

Maganar kuɗi ita ma tana da tushe. A 2015 shafin FiveThirtyEight ya bankaɗo cewa Fandango, kamfanin da sana'arsa ita ce sayar da tikitin silima a Amurka, yana cike gurbin taurari zuwa sama, ta yadda fim mai 4.1 sai a nuna shi da taurari huɗu da rabi. Kamfanin ya ce kuskuren manhaja ne. Shekara guda bayan haka Fandango ɗin ne ya sayi Rotten Tomatoes, wato mai sayar da tikiti ya mallaki ma'aunin da ake dubawa kafin a sayi tikiti, kuma wannan abu ne da ya kamata mai kallo ya sani ko da ba a kama kowa da laifi ba. A 2023 mujallar Vulture ta ruwaito cewa wani kamfanin talla yana biyan wasu ƙananan masu sharhi dala 50 ko fiye a kan kowane sharhi don a ɗaga makin fina-finan da yake tallatawa, zargin da kamfanin ya musanta.

Gane irin wannan ba shi da wuya. Idan kika danna kan makin a IMDb zai buɗe miki jadawalin yadda ƙuri'un suka rarrabu daga 1 zuwa 10. Fim ɗin da aka kalla tsakani da Allah, ƙuri'unsa sukan taru wuri ɗaya kamar a 6 ko 7, su yi ta raguwa hagu da dama. Wanda aka yi wa gangami kuwa za ki ga dogon sanda a kan 1, wani dogon a kan 10, tsakiya fayau. Ki duba kuma yawan masu ƙuri'ar, domin maki 9 daga mutum 40 yana iya zama na ma'aikatan fim ɗin ne da danginsu, sannan ki ba sabon fim makonni kaɗan ƙura ta lafa, tunda masoya na gani-kashe-ni ne ke rige-rigen ba da maki a ranakun farko.

Tambaya: Fina-finanmu na Hausa ba kasafai ake ganin makinsu a waɗannan shafukan ba. Shin yawan waɗanda suka kalla a YouTube shi ne ma'aunin ingancinsu? Daga wani ɗalibi a Kano.

Amsa: Yawan kallo yana nuna cewa mutane sun danna, kuma dannawa tana da dalilai da yawa waɗanda ba su shafi inganci ba: fuskar jarumin da aka sa a hoton talla, rigimar da ta tashi a kan fim ɗin a Facebook ko TikTok, ko kuwa sabo, domin wanda ya bi labari zango biyar ba ya iya barinsa a na shida ko da ya fara gundurarsa. Ba ya nuna ko mai kallon ya kai ƙarshe, wannan bayanin mai tashar kaɗai ke ganinsa. Tun watan Nuwamban 2021 kuma YouTube ya ɓoye adadin masu danna alamar ƙi, saboda haka yabo kawai kake gani a fili. Kafin nan ma, a 2010, ya jefar da tsarin taurari biyar bayan ya lura kusan kowa biyar ɗin yake bayarwa.

Akwai kuma babban ɓangaren 'yan kallonmu da lissafin ba ya kaiwa gare su sam. Ka tsaya a shagon masu tura fina-finai a waya da yamma ka gani: mutum ɗaya ya sauke fitowar wannan makon sau ɗaya a kwamfutarsa, layi ya kafu, kowa ya miƙa waya ko memori a loda masa, yaro ya kai gida uwa da 'ya'ya da maƙwabta su kewaye waya ɗaya bayan sallar isha'i. A wurin YouTube wannan duka kallo ɗaya ne. Haka masu kallo ta tashar Arewa24 da sauran gidajen talabijin. Shi kansa mai turin, wanda ke jin abin da mata ke aiko yara su tambaya da abin da ake dawowa ana ƙorafi a kansa, ya fi kowace lamba sanin fim ɗin da ya karɓu a unguwarsa, kuma idan ya san abin da kake so zai faɗa maka kai tsaye wanda zai yi maka da wanda ba zai yi ba.

Abin da ya fi damuna a nan shi ne ƙarancin sharhi na gaskiya. Masana'antar da ta faro da fim ɗin Turmin Danya a 1990 ta isa a ce tana da masu sharhi da yawa waɗanda za su zauna su ce labarin wannan fim ya yi rauni a tsakiya, sautin wancan bai fita ba, wannan jarumar ta yi ƙoƙari a wuri kaza, ba tare da an ɗauke su maƙiya ba. Abin da ke cike ƙarƙashin bidiyo a yanzu shi ne addu'a da jinjina daga masoyan jarumi, ko zagi daga masoyan abokin hamayyarsa, kuma babu ɗaya daga cikin biyun da ke taimakon darakta ya gyara aikinsa na gaba. Kai da kake ɗalibi, idan kana da sha'awa, ka fara rubuta irin wannan sharhin da sunanka, ka faɗi dalilinka a kan kowane yabo da kowace suka, kada kuma ka karɓi ko sisi daga mai fim. Mai karatu da ya bi rubutunka na wani lokaci zai san inda ra'ayinku ya zo ɗaya da inda ya saɓa, daga nan sharhinka zai yi masa amfanin da maki 8 na baƙi ba zai yi masa ba.

Tambaya: Idan fim yana da maki mai yawa, zan iya sakin jiki in bar yarana su kalla? Daga wani magidanci a Kumasi.

Amsa: A'a, Alhaji. Makin ba ya cewa komai a kan tarbiyya, kuma da yawa daga cikin fina-finan da ke saman jerin IMDb na manya ne zalla. Abin da za ka duba shi ne alamar shekaru. A Amurka akwai G da PG da PG-13 da R da NC-17, a Indiya akwai U da UA da A, kowane jeri daga na kowa da kowa zuwa na manya zalla, sai dai an tsara su ne bisa al'adar ƙasashensu, kuma abin da suka ga ya dace da ɗan shekara 13 yana iya zama abin da ba za ka iya zama ka kalla tare da ɗanka ba. A shafin kowane fim a IMDb akwai sashen jagorar iyaye, inda masu kallo ke zayyana wuraren tsiraici da zubar da jini da ashar da shaye-shaye ɗaya bayan ɗaya, kuma ya fi alamar shekaru bayani, ko da yake ba kowane fim ne aka cike masa ba. Ga fina-finan Hausa akwai hukumar tace fina-finai ta Jihar Kano da aka kafa a 2001 da kuma ta tarayyar Najeriya, amma ba duk abin da ke yawo a intanet ne ya bi ta hannunsu ba. Idan fim ɗin baƙo ne a gare ka, ka fara kallonsa kai ko mahaifiyarsu kafin a miƙa wa yara wayar.